Daga Wusta Zuwa Zango: Wa Zai Nuna Wa Yaranmu?

 

An ba ni minti kaɗan, don haka bari in tafi kai tsaye. A ƙasar Ingila akwai wani gari wai shi Wusta, inda wata babbar majami'a take, wadda aka soma gininta a 1084. Da sunan Annabi Isa da mahaifiyarsa Nana Maryam aka keɓe ta. Mu ma ai ba baƙuwarmu ba ce, tana da sura guda a Alƙur'ani, ta 19. A cikin majami'ar nan aka binne Sarki Jon a 1216, haka ma Yarima Ata, ɗan Sarki Henri na Bakwai, a 1502. Jon bai bar sunan kirki ba, amma har yau ɗan makaranta zai je ya tsaya a gaban kabarinsa, malami ya ce masa ga shi nan.

To mu fa? Ban haɗa Daurama da Nana Maryam ta fuskar addini ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi, mu ma sarautarmu da sunan mace take tafe, kuma tana da wurin da ake nunawa. Baƙo ya zo Daura, rijiyar Kusugu za a kai shi, a ba shi labarin Bayajida da macijiya, ya sha ruwa ya tafi.

Amma an tsallake Zango. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Zuriyarsa suka yi ta fama har suka kafu a nan garin, suna amsa sunan Sarkin Daura shekaru da dama. Daga nan Zango Turawa suka mai da Malam Musa gadon kakanninsa. Sarki Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi mulki har 1966. M. G. Smith ya rubuta wannan a littafinsa na 1978, da Turanci. Mu nawa a zauren nan muka taɓa buɗe shi?

Roƙona shi ne ƙungiya ta naɗa mutum uku su zauna da dattawan fada, su ɗauki muryarsu, su rubuta inda kowane sarki ya zauna da inda aka binne shi, kafin taronmu na baɗi. Ni na ɗauki nauyin kuɗin mota. Malam, ka koya mana tarihi, kai za ka duba mana rubutun.