Tsutsar Zogale da Amanar Lambun Makaranta
Jawabin da aka gabatar a taron malaman reshe a Mainika



Mai girma Shugaban reshe, shugabannin makarantu, iyayenmu dattawa, 'yan uwa malamai maza da mata da suka taso daga sassan Gwarzo da Kabo, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro iyali lafiya.

Mun saba idan aka taru irin haka a yi maganar albashi da ƙarin girma da fansho, kuma ba mu raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma yau mun nemi izini mu yi magana a kan wata 'yar halitta da ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, domin ta shiga lambunan makarantunmu da bayan gidajenmu, kuma yadda muke yaƙarta ya fara zama haɗari fiye da ita kanta.

Da aka dawo hutu a bara, mun tarar da layin zogalen da ɗalibanmu suka dasa ya koma tsirara. Ganyen da ya rage ya yi shara-shara kamar takarda, an liƙe shi da zare mai kama da saƙar gizo-gizo. Kafin mu yi shawara, wani mai son taimako ya kawo ragowar maganin da ya fesa wa wakensa ya zazzaga wa itatuwan. Bayan kwana biyu muka ga wata yarinya tana tsinkar sabon toho za ta kai gida a yi kwaɗo. Allah ya kiyaye, mun tare ta. Amma tun daga ranar muke tambayar kanmu: gidaje nawa ne ba a samu mai tarewa ba?

Masana suna kiran wannan tsutsa Noorda blitealis. An san ta a Indiya da Sudan da Habasha, kuma a Jamhuriyar Nijar masu bincike sun bayyana ta a matsayin babbar abokiyar gabar zogale, ciki har da lambunan yankin Maradi inda ake noma shi don kasuwa. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne dangin malam-buɗe-littafi, sai dai da dare take tashi. Tana zuba ƙwai a kan ɗanyen ganye, cikin kamar kwana 3 su ƙyanƙyashe. Tsutsar za ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana ci, in an girgiza reshe sai ta sauko a kan zarenta tana lilo. Idan ta ƙoshi sai ta shiga ƙasa a gindin itacen ta kwanta, bayan kamar mako guda ta fito da fukafukai. Ke nan cikin abin da bai kai wata ɗaya ba an yi sabon zubi. Shi ya sa wanda ya fesa magani sau ɗaya ya juya baya yakan ga kamar maganin ne jabu, alhali waɗanda ke kwance a ƙasa bai taɓa su ba.

Mu a nan Kano ba baƙin irin wannan ba ne. Muna tuna 2016, shekarar da tsutsar tumatir, wadda manoma suka yi wa laƙabi da sharon, ta cinye gonakin Kadawa da na Kaduna har kwandon tumatir ya gagari talaka. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara ta Amurka a Afirka, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko. Sai dai akwai bambanci da ya kamata mu riƙe. Masara tana da ɓawo, kuma akwai watanni tsakanin feshi da girbi. Shi zogale, abin da tsutsa ke ci shi ne abin da muke ci, kuma ana tsinkarsa kusan kullum. Kowane maganin gona yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbarsa kafin a taɓa amfanin. Wa ke ƙirga waɗannan kwanaki a itacen da ke bakin hanyar yara? Fiya-fiya kuwa, da wasu ke ɗauka maganin komai, guba ce da ba ta da gurbi a kan ganyen miya.

To, mene ne abin yi? Na farko, dubawa. A ware ɗalibai su riƙa zagaya itatuwa sau biyu a mako da safe, suna juya ganye. Reshen da aka liƙe da zare a yanke shi a ba kaji. Na biyu, a riƙa kaftar gindin itacen sama-sama domin rana da tsuntsaye su samu waɗanda suka kwanta. Na uku, idan ɓarna ta yi yawa, a sassabe itacen gaba ɗaya. Zogale ba ya fushi da sara, zai sake toho. Na huɗu, darbejiya. Tun 1928 aka kawo ta Borno, yau babu makarantar da ba ta sha inuwarta, amma 'ya'yanta muke sharewa mu ƙone. A tattara su, a bushe, a ɓare, a daka gram 500 na ƙwayar, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye. A fesa da yamma, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa, a maimaita bayan mako. Ba ya kashe tsutsa nan take; hana ta ci yake yi, ya hana ta saɓa fata ta girma. Don haka sai an yi haƙuri da shi, kuma a wanke ganyen sosai kafin a dafa.

Muna da mataimaka da ba ma biyansu albashi. Zanzaron da ke gina ɗakin laka a kusurwar ajinmu, idan ɗakin ya fashe za ku ga cike yake da tsutsotsi da ya ajiye wa 'ya'yansa. Haka rina da gizo-gizo da tsuntsaye. Maganin feshi mai ƙarfi da su yake farawa, sai tsutsa ta dawo ta tarar babu mai tsare ta.

Kuma ba kowace tsutsa ce abokiyar gaba ba. A ƙasar Nufe da Barkina Faso, tsutsar da ke cinye ganyen kaɗanya da damina abinci ce da ake soyawa ana sayarwa, itacen kuma ya sake fitar da ganye. Wata kuma ba a ko taɓa ta: a kewayen Landan, tun wajen 2006 ake fama da wata tsutsa mai gashi da ke cin ganyen itacen oak, gashinta yana jawo ƙaiƙayi da ciwon ido da wahalar numfashi. Saboda haka dokarmu ga yara ita ce, mai gashi ba a ɗaukarta da hannu, sai da kara.

'Yan uwa malamai, shekara da shekaru muna zana matakan rayuwar ƙwaro a allo, daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa kwanciya zuwa mai fukafukai, yara su haddace su ci jarrabawa su manta. Ga shi darasin ya zo da kansa bayan taga. Kwalba ɗaya da ɗan ƙasa a gindinta da ganyen zogale da ƙyalle a baki sun isa yaro ya ga abin da idonsa cikin mako uku. Yaron da ya ga haka, shi zai gaya wa mahaifinsa dalilin kaftar gindin itace, ya gaya wa mahaifiyarsa kada ta tsinki ganyen da aka fesa.

Muna roƙon reshe ya amince da abu biyu. Kada a sake fesa maganin gona a lambun kowace makaranta ba da sanin shugabanta ba, kuma in an fesa a kafa alama da ranar da za a iya tsinka. Sannan kowace makaranta ta tara buhu guda na 'ya'yan darbejiya a lokacin da suke zuba, a ajiye a inuwa kafin buƙata ta taso.

Allah ya sa albarka a aikinmu, ya tsare mana 'ya'yan da aka ba mu amana, ya mai da kowa gidansa lafiya.