Ɗanyen Hoto da Adana Rubuce-rubucen Ajami



Wani ɗalibina ya yi tattaki zuwa gidan wani malami a karkara, ya sami izinin ɗaukar hotunan tsofaffin takardun ajami da sabuwar kyamara. Da ya komo, sai manhajar gyaran hoto ta ƙi buɗe ko guda. Mai takardun kuwa ya riga ya mayar da su cikin gafaka, izini na biyu kuma ba lallai ne a samu ba. Wannan ne dalilin maganata a yau.

Da farko, mene ne ɗanyen hoto? Shi ne bayanin haske kamar yadda idon kyamara ya karɓe shi, kafin a sarrafa. A tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya sami rajistarsa a 1976, kowane ɗigo launi ɗaya yake gani: rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. Manhaja ce ke haɗa su su zama hoto. Wato ɗanyen hoto tsaba ce, shi kuwa JPEG tuwo ne da aka riga aka tuƙa. JPEG matakan haske 256 yake riƙewa a kowane launi, alhali ɗanyen hoto yakan riƙe 4,096 ko 16,384. A cikin wannan rata ne ake iya fito da tawadar da ta kusa ɓacewa.

To, ina matsalar take? Kowane kamfani da irin fayil ɗinsa: Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Canon kuma ya fito da CR3 a 2018. Ko a kamfani ɗaya, sabuwar kyamara takan zo da nata tsari, sai masu manhaja sun nazarce shi tukuna. Shi ya sa Lightroom 6, wadda aka daina sabuntawa a ƙarshen 2017, ba ta san CR3 ba.

Mafita uku ce. Ta ɗaya, a sabunta manhajar. Ta biyu, a yi amfani da wadda masu kyamarar suke bayarwa. Ta uku, a juya fayilolin zuwa DNG, tsarin da Adobe ya fitar a 2004 ya kuma bayyana ƙa'idojinsa ga kowa. Manhajar juyawar kyauta ce, amma sai an ɗauko sabon fitinta. Da wannan ɗalibina ya tsira. Sai dai kada a goge na asali bayan an juya.

Daga ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku fita bincike, ku ɗauki hoto guda ku buɗe shi a kwamfutarku, ku kuma saita kyamara ta riƙa ajiye ɗanye da JPEG tare. Takardar da ta jure wa gara shekara ɗari, bai kamata ta salwanta a hannunmu ba.