Hular kwano mai magana: yadda ake haɗa ta da waya da babur

Yau daga Babura nake magana, in kun ji ƙarar babura a bayana kada ku yi mamaki, sunan garin ne ya bi shi.

Bari in fara da tabon da ke gwiwata. Daminar bara na taso zan je Kanya Babba, waya na aljihun gaban riga, sai ta hau ruri. Na saki hannun hagu na zaro ta, na sunkuyar da kai in ga mai kira. Kafin in ɗago, ɗan akuya ya shigo titi. Na taka burki da hannu ɗaya a kan kan babur, sai ga ni a ƙasa. Allah Ya taƙaita, ba mota a bayana. Gilashin waya ya tafi, wando ya yage, na yi sati biyu ina sallah a zaune. Kuma kun san me mai kiran yake so? Wai "kana ina ne?" Shi ke nan fa.

Da na warke na shiga Kano, na je Farm Centre na sayo ɗan na'urar nan da ake maƙala wa hular kwano: sifika biyu falan-falan, makirfo ɗaya, da ɗan akwati mai maɓallai a gefen hagu. Kwana uku ina fama da ita ta ƙi kama wayata, har na fara cewa an sayar min da gawa. Ashe ni ne ban iya ba. To wahalar da na sha ita nake so in rage muku.

Shi Bluetooth rediyo ne mai gajeren zango, a yawancin wayoyi bai wuce kamar mita 10 ba. Ba ya cin data, ba ya cin kati. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinsa a 1994, sunan kuma laƙabin wani sarkin Denmark ne, Harald, da ya yi zamani sama da shekara dubu da suka wuce. Abin da ya shafe mu shi ne: na'ura biyu ba sa magana sai an gabatar da su ga juna sau ɗaya. Daga nan sun san juna, duk inda suka haɗu za su gaisa da kansu.

Mu fara da halin da yawancinmu muke ciki. Boxer ɗinka ko Jincheng irin na yau da kullum ba shi da wani Bluetooth, kada wani ya ruɗe ka. Haɗin tsakanin hula da waya ne kawai. Ka cika cajin na'urar tukuna. Sannan ga inda na faɗi: kunna ta daban, sa ta neman aboki daban. In ka danna ta kawo wuta ka saki, kunnawa kawai ka yi. Sai ka ci gaba da riƙe maɓallin wasu daƙiƙu, har ka ga fitilar tana walƙiya ja da shuɗi bi da bi, a yawancinsu haka alamar take. Lokacin ne za ka shiga saitin wayarka, ka kunna Bluetooth, ka sa ta bincika, ka taɓa sunan na'urar in ya fito. In ta nemi lamba, gwada 0000. Ko 'yar ƙaramar wayar nan rakani-kashi, in tana da Bluetooth, sau da yawa tana kamawa.

In sunan ya ƙi fitowa, kusan kullum na'urar ta riga ta kama wata waya ce da ta sani. Ni ƙanena ya taɓa arar hular. Washegari na kunna a tsakar gida, ina jiran wayata, sai na ji muryar wata baiwar Allah tana yi masa saƙon barka da safiya a kunnena. Ban faɗa wa Inna ba, amma yanzu shi ke wanke min babur. Maganin abin: a kashe Bluetooth na waccan wayar, ko a shiga a goge sunan na'urar daga cikinta.

Wani kuma zai ce kira yana shiga amma karatu ko waƙa ba sa fitowa. Hanya biyu ce a ciki, ta kira daban, ta sauti daban. Taɓa ɗan alamar saiti da ke gefen sunan na'urar a wayarka, za ka ga wuri biyu, ka tabbata duka a kunne suke.

Yanzu masu manyan babura, ko sababbin nan masu allo a gaban direba. Nan abu uku ne: waya, hula, babur. A irin su Honda Gold Wing da manyan BMW, babur ɗin ne dillali. Waya ta haɗu da babur, hula ta haɗu da babur, sauti ya bi ta cikinsa. Kuskuren da ake yi shi ne a bar tsohon haɗin waya da hula yana nan. Sai su yi ta jayayya, kira ya shigo allo ya nuna, kunne shiru. Goge wancan haɗin, ka tsayar da babur ka murɗa makulli, ka fara da waya, ka amince mata ta ba shi sunayen mutanenka in ta tambaya, sannan ka kawo hula. Amma a lura, akwai ƙananan babura na TVS da Bajaj da allonsu nuna mai kira kawai yake yi, murya ba ta bi ta nan. A irin waɗannan, wayar ce za ta riƙe su biyun, babur a gefe, hula a gefe. Ɗan littafin da ya zo da babur ɗin shi zai raba gardama, in ba a kunna wuta da shi ba.

Wurin liƙa sifika ya fi tsadar na'urar muhimmanci, wallahi. Sa hular, ka laluba daidai ramin kunnenka, can za ka liƙa. In ta goce da faɗin yatsa ɗaya, kana fara gudu iska ta cinye maganar. Soson nan na bakin makirfo kada ka yar, shi ke tare iska. Lokacin hunturu kuma ka rufe ramin caji da robarsa, ƙurar nan ba ta da imani.

Mu nan bakin iyaka muna da wata matsala tamu. Ka nufi wajen Babban Mutum ko hanyar Magarya, magana ta fara yankewa, sai ka ɗora wa hula laifi. Sau da yawa sabis ne, ko wayar tana ƙoƙarin kama layin Nijar. Gwajin mai sauƙi ne: kunna wani abu da ke ajiye a cikin wayar. In yana fita lafiya, Bluetooth ba shi da laifi. Masu sa wa babur wurin cajin waya kuwa, ku ce wa mai gyara ya ɗauko wutar daga layin makulli, ba kai tsaye daga batir ba, kada ku wayi gari kuna turi.

Na san wani zai ce, ai iyafis ma ya isa. Ni ban yarda ba. Iyafis toshe kunne yake yi, ba ka jin hon ɗin tirela sai ta zo wuyanka. Sifikar hula tana barin sarari, in dai ba ka ƙure ƙara ba. Sannan ita na'urar dole sai da hula, kuma mun san tarihinmu da hula: da aka fara tilasta ta a Janairun 2009, 'yan acaɓa a Kano ƙwarya suka riƙa kifawa a ka. Ni dai tun da na liƙa sifika ban sake fita kai tsirara ba, abin da wa'azin 'yan Road Safety bai sa ni yi ba.

Kada kuma a ce na ce a yi ta hira a kan titi. Amfani da waya ana tuƙi laifi ne a wurin hukumar kiyaye haɗura, kuma ko hannunka biyu na kan babur, hankalinka yana wurin mai magana. Yadda nake yi: in amsa da maɓallin hula, in ce "ina kan hanya, zan kira". In maganar kuɗi ce, ko na ji muryar gida ba daidai ba, sai in ba da sigina in sauka gefe, in kashe inji.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu taɓa irin na'urar da ke haɗa hula da hula, direba da na bayansa su yi magana ba tare da kati ba. Wani abokina a Kazaure ya sayo guda biyu, ya ce zai ara min, in dai na yi alkawarin ƙanena ba zai taɓa ba. Sai mun haɗu, a sauka lafiya.