Tsibirin Kwasa-kwasa: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

 

Yau za mu ɗan yi tsokaci ne a kan wani ƙaramin tsibiri da ke Jihar Florida ta Amurka, mai suna Pelican Island, wato Tsibirin Kwasa-kwasa. Kada wani ya ce ina ruwanmu da tsuntsayen Amurka, domin kuwa labarin na kasuwa ne.

A ƙarshen ƙarni na 19, matan Turawa sun shiga yayin ƙawata hulunansu da gashin tsuntsu, musamman na farin zalɓe. Gashi ya yi tsada, maharba suka bazama. Matsalar ita ce, gashin da ake nema lokacin kwanci yake fitowa. To, in aka harbe iyaye a kan sheƙa, 'yan tsaki yunwa ce za ta kashe su. Ka ga harbi ɗaya, gida guda ya tafi.

Wani Bajamushe mai suna Paul Kroegel, wanda ci-rani ya kai gidansu yankin, shi ya riƙa shiga kwalekwalensa da bindiga yana gadin tsibirin. Ranar 14 ga Maris, 1903, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu aka keɓe wurin don tsuntsaye, kuma shi ne na farko irinsa da gwamnatin tarayyarsu ta keɓe. Aka naɗa Kroegel mai gadi, ana biyansa dala 1 a wata. Aikin kuwa ba wasa ba ne, don a 1905 an harbe wani mai gadi, Guy Bradley, a kudancin Florida. A 1918 aka yi dokar kare tsuntsaye masu ƙaura. Yanzu Amurka na da irin waɗannan wurare fiye da 500, kuma kwasa-kwasa da zalɓe na nan suna sheƙa a tsibirin.

Jama'a, maharbi ba ya wahalar banza. Dillali ne ya ba shi farashi, mai saye kuma ya ba dillali. Haka ake yi wa ungulu a ƙasar nan: ana kamo ta, ana sayar da sassanta a kasuwanni don haɗa magani, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Yaushe rabonmu da mu ga taron ungulaye a mahauta? Alhali ita ke kwashe mushe kafin ya zama cuta.

Saboda haka muna roƙon shugabannin kasuwa da masu lodin kaya daga gida: duk wanda ya kawo irin wannan haja, kada mu saya, kada mu ɗauko, kada mu yi dillanci. Riba ce ta kwana biyu, hasarar kuma jikokinmu ne za su biya.

Allah ya sa albarka a nemanmu.