Gashin Ƙashi da Damuwar Mara Lafiya: Abin da Ya Kamata Jami'o'inmu Su Koyar



A duk ma'aikatan asibiti, da wuya a sami wanda ke daɗewa tare da mara lafiya kamar likitan gashin ƙashi. Wanda ya yi tiyata ya gama ya wuce, mai rubuta magani minti kaɗan ne. Shi kuwa wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, zai yi watanni yana zuwa wurinku, ku masu gashin ƙashi, hannunku a kafaɗarsa, kuna ƙirga masa taku. A irin wannan zaman ne bakin mutum ke buɗewa. Dattijo zai ce, "Ɗana, ba na barci." Wata rana ya ce, "Na zame wa yara kaya, da ma in mutu in huta." Me muka koya wa ɗalibinmu ya ce? Yawanci sai ka ji, "Yi haƙuri, Baba, ɗaga hannun." In dattijon ya daina zuwa, sai a rubuta a kati cewa ba ya ba da haɗin kai.

Bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku da suka tsira daga shanyewar ɓarin jiki suna faɗawa ciwon damuwa. Mai damuwa kuwa ba zai yi atisayen da aka ba shi a gida ba, gaɓoɓi su sandare, wahalar da aka sha ta tafi a banza. Haka mai ciwon baya na shekaru, haka matashin da aka yanke wa ƙafa bayan haɗarin babur. Ku tambayi abokan aikinmu na Maiduguri abin da suke gani a jiki da zukatan waɗanda rikici ya raunata.

Tun 1966 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a wannan fanni, yau ga shi a Jami'ar Bayero da ta Maiduguri. Mun yi nisa wajen ilimin tsoka da jijiya, amma a ganina lafiyar ƙwaƙwalwa har yanzu ɗan leƙe ake yi mata. A Nowe kuwa, tun ƙarshen shekarun 1940 wata likitar gashin ƙashi, Aadel Bülow-Hansen, da likitan ƙwaƙwalwa Trygve Braatøy suka haɗa kai suka samar da hanyar jinya da ke duba numfashi da ɗaurewar tsoka tare da halin zuciya.

Ba ina cewa ɗalibanmu su koma likitocin ƙwaƙwalwa ba ne. Ina so ne kafin yaro ya karɓi digiri ya iya yin tambayoyi biyu da Hausa, ba tare da kunya ba: "Kwanakin nan kana jin ranka a ɓace?" da "Abubuwan da kake jin daɗinsu a da, har yanzu suna maka daɗi?" Ya san ranar da maganar mutuwa ta wuce ƙorafi, ya san inda zai tura mutum, kuma ya iya yi wa iyali bayani ba tare da sun ji an kira ɗan'uwansu mahaukaci ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya a ƙasarmu, kuma ba a koyonsa a allo.

Saboda haka a kai ɗalibanmu asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko na Barnawa, ko na Kware, su yi makonni a ɗakin masu taɓin hankali. A can ma akwai aikinsu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu taɓin hankali mai tsanani suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, galibi saboda cututtukan jiki da ake iya karewa, kuma motsa jiki na cikin abin da ke taimaka musu. Ga shi kuma, tun Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasarmu, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Roƙona ga shugabannin sassa da ke zauren nan shi ne, a zaman gyaran manhaja mai zuwa, a ware wa wannan darasi sa'o'insa da makinsa a jarrabawa.