Jawabin Shugaban Taro Wajen Ƙaddamar da Kundin Ranakun Haihuwa a Daura

Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ja zamaninka. 'Yan majalisar Sarki, hakimai, dagatai da masu unguwanni, shugabannin ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, malamanmu da limamanmu, iyayenmu mata, ɗalibai da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Matasan da suka haɗa wannan kundi sun yi abin a yaba musu. Sun tattara sarakuna, malamai, sojoji, likitoci da 'yan kasuwa, sun jera kowa a ranarsa, sun kuma buga shi da Hausa. Allah ya saka musu da alheri.

Shafin da kowa zai fara buɗewa shi ne na 17 ga Disamba, ranar da aka haifi marigayi Shugaba Muhammadu Buhari a garin nan a 1942, Allah ya jiƙansa. A ranar aka haifi Paparoma Francis a Ajantina a 1936, kuma su biyun duk a 2025 suka bar duniya. A ranar aka haifi Humphry Davy na Ingila a 1778, mai fitilar nan ta masu haƙar kwal, da Manny Pacquiao ɗan damben Filifin a 1978. Soja, limamin coci, masanin kimiyya da ɗan dambe: duk wanda ya ce rana ce ke tsara halin mutum, sai ya faɗa mana halin da ya haɗa waɗannan. Babu. Duba da taurari ba namu ba ne, addini ya rufe wannan ƙofa. Abin da ya haɗa su guda ne, an samu wanda ya rubuta. Beethoven, makaɗin Jamus, har yau ba a tabbatar da ranar haihuwarsa ba, amma littafin cocin Bon ya riƙe cewa an yi masa baftisma ran 17 ga Disamba, 1770, don haka shi ma ya samu gurbi.

To mu fa? A duba katin ɗan ƙasa na dattawanmu, za a rantse duk 1 ga Janairu aka haife su. Ungozomomin Daura ba su taɓa barci a wannan dare ba ke nan! Dalilin sananne ne: ba a rubuta ba, aka je kotu aka yi takardar rantsuwar shekaru, akawu ya sa ranar da ta zo masa kusa.

Na san wasu malamai za su ce kula da ranar haihuwa al'adar Turawa ce. Allah ya gafarta malam, ba biki muke nema ba, rubutu muke nema, kuma rubutun nan gadonmu ne. An san an haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a watan Safar na 1168, wato Disamban 1754, saboda mutanensa masu alƙalami ne. Ibn Khallikan da Ahmad Baba na Tambutu sun ƙarar da shekaru suna bin tarihin malamai da shekarunsu. Wasu kuma za su ce kakanninmu sun rayu lafiya da lissafin “shekarar yunwar Kakalaba” ko “zamanin Sarki Abdurrahman”. Gaskiya ne, amma Sarki Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, shekara 55, kuma ba a karɓar irin wannan amsa wajen rajistar jarrabawa, ko fasfo, ko fansho. Yarinyar da ba a san shekarunta ba, wa zai tsaya mata in ana gardamar ko ta isa wani abu? Ma'aikacin da ke aske shekarunsa duk lokacin da ritaya ta ƙarato, rashin rajistar nan ce garkuwarsa, ga matasa da takardu suna jiran kujerar.

Doka tana nan tun 1992, ta wajabta rajistar haihuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Abin da ya rage kuɗi ne da sa ido, kuma nan nake so shugabannin ƙananan hukumomi biyar su saurare ni. Haihuwa da yawa a ƙauyukanmu a gida ake yinta, ma'aikacin hukuma bai san an yi ba. Amma ba jaririn da ke wuce kwana bakwai ba a raɗa masa suna ba, kuma ba a raɗin suna sai da liman, da sanin mai unguwa. A ba kowane mai unguwa littafi mai bango, liman ya rubuta suna da rana, ta Hijira da ta Miladiyya, dagaci ya tattara duk wata ya miƙa wa hakimi, ma'aikacin rajista ya zo ya kwafa ya bayar da takarda. Kuɗin littattafai, man babur da ɗan alawus bai kai abin da ake kashewa kan rumfuna da kujerun taro irin wannan ba. A sa shi cikin kasafin baɗi, da sunansa, ba ƙarƙashin “sauran abubuwa” ba.

Ranka ya daɗe, da izininka na ƙaddamar da wannan kundi. Masu alkawarin gudummawa, ma'aji na nan bakin ƙofa da rasiɗi, a biya kafin a fita.