Hubusi: Rijiyar da Ƙungiyoyinmu Suka Manta



Zan fara da abin da na gani da idona. Wata ƙungiyar marayu ta ƙaddamar da gidauniya, aka kama zaure, aka yi hayar kujeru da lasifika, aka buga kati. Babban mai ƙaddamarwa ya ambaci miliyoyi, zaure ya ɗauki tafi. Bayan wata uku na haɗu da ma'ajin ƙungiyar, tsohon littafinsa a hammata, yana bin gidajen masu alkawari. Yau a ce Alhaji ya yi tafiya, gobe a ce yana barci. Abin da ya shigo hannu da ƙyar ya biya kuɗin zauren, su kuwa marayu ga kuɗin makaranta ya zo.

Ko da an cika alkawarin, kuɗin da aka jibge a banki narkewa yake yi. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Buhun shinkafar da gidauniya za ta saya a watan azumi, kafin babbar salla sai an yi mata ciko.

Shi ya sa nake roƙonku mu koma ga hubusi, wato waƙafi. Ba baƙonmu ba ne. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibar, Annabi (SAW) ya nuna masa ya tsare asalinta, ya riƙa sadaka da amfaninta. Jami'ar Azhar ta Alƙahira ta yi ɗaruruwan shekaru tana ciyar da ɗalibai da kuɗin hubusi. A nan gida ma Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara suna da irinta.

Zakka tana da mutanenta kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata, a ba su ne ta ƙare. Hubusi kuwa uwar kuɗi ce mai haihuwa. Shago biyu a bakin kasuwa, idan kaya suka yi tsada haya ma ta tashi. Gonar mangwaro. Rijiyar burtsatse da 'yan garuwa ke biyan ɗan abin da ya sauƙaƙa, kuɗin ya tafi ga jinyar zawarawa.

Na san wani zai ce wannan sai attajirai. A'a. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta yarda a yi hubusi na ɗan lokaci. Hajiya mai ɗakin haya tana iya cewa kuɗin ɗakin nan na marayu ne har shekara biyar, bayan nan ya dawo hannunta. Mata da suka iya riƙon adashi shekara da shekaru ba tare da an ci kwabon kowa ba, su ne za su iya tara naira 500 duk mako har a kafa tubalin shago. Mu ne ba mu tambaye su ba.

Amma ku kula da wuri ɗaya, don nan ne ake yawan faɗuwa. A fiƙihunmu, idan mai bayarwa ya rasu alhali kayan ba su fita daga hannunsa ba, hubusin ya ɓaci, ya koma gado. Kada ku tsaya ga “ai Baba ya faɗa a gaban mutane.” Ku karɓi makulli tun yana raye, a rubuta takarda, shaidu su sa hannu, a kai wa alƙali ya tabbatar, 'ya'yansa suna zaune suna gani. Sannan duk wata shida ku manna lissafin hayar a ƙofar ofishinku: ga abin da ya shigo, ga gyaran kwano, ga adadin yaran da aka biya wa makaranta.